Yadda Za Ka Hana Ɓera Tarewa a Motar da Ka Ajiye

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, motoci da yawa a Kano suka koma zaman ƙofar gida. Mai mota ya hau Adaidaita Sahu zuwa Kantin Kwari ko wurin aiki, motar kuwa sai ranar Juma'a, ko ranar da za a kai iyali biki. Wata tana yin mako biyu ba a tayar da ita ba, wata ta shafe wata guda an lulluɓe ta da tamfol a bakin lambatu. A wurin ɓera babu masaukin da ya kai wannan. Ga duhu, ga ɗumi, ga soso da tsumman yin makwanci, kuma ba mai tashinsa. Ranar da mai ita ya zo ya murɗa makulli, sai ya ga fitilar inji ta kama a dashbod, ko esi ya buso masa zarni, ko kuma motar ta ƙi tashi sam.

Abin da yawancinmu ke fara yi shi ne a aiki yaro ya sayo shinkafar ɓera. Ni a wurina ita ce ta ƙarshe, in ma an kai gare ta. Aikin yana da jeri, kuma jerin ne maganin: a kwashe abin da ya kira ɓeran, a kama wanda ya riga ya shiga, a wanke warinsa, sannan a toshe hanyar. Wanda ya fara da toshewa ya kulle ɓarawo a cikin ɗaki. Wanda ya kama ɗaya ya bar ledar gyaɗa a ƙarƙashin kujera, gobe ɗan'uwansa zai maye gurbin.

Ka fara tabbatarwa ko yana ciki

Da safe, kafin ka tayar da mota, ka ɗaga bonet da tocila a hannu ko da gari ya waye, don lungunan inji ba sa samun haske. Ka duba saman batir, gefen akwatin fiyus, saman murfin inji, da kwarmin da ke tsakanin inji da bangon da ya raba shi da cikin mota. Kashi kake nema, baƙi, siriri. Na ƙaramin ɓeran gida bai wuce ƙwayar shinkafa ba, na babban ɓera ya haura santimita ɗaya. Idan yana ƙyalli kuma da laushi, na daren jiya ne. Idan ya yi fari-fari yana marmashewa, ya daɗe. Ka duba ɓawon gyaɗa, ƙashin kaza, ƙwallon dabino, gutsuren leda. Waɗannan ba iska ce ta kawo su ba, ɗaukowa aka yi aka zo aka ci a natse. Ka ɗaga kai ka kalli baƙin bargon da ke manne a cikin murfin bonet. Idan an yage shi wuri-wuri, an kwashi kayan shimfiɗa ke nan.

Daga nan ka buɗe but, ka ɗaga kafet, ka fitar da safaya ka leƙa ramin. Ka buɗe aljihun dashbod ka ga ko an tattauna tishu ko takardun mota.

Idan ba ka ga komai ba amma zuciyarka ba ta kwanta ba, ka barbaɗa toka ko lallausan yashi kewaye da kowace taya da dare. Da safe sawu zai nuna maka ko ana hawa, da tayar da ake bi. Kada ka yi da garin tuwo, wannan ciyarwa ce. Yawanci ta taya suke hawa, su bi ƙarafan ƙafar mota su faɗa ɗakin inji.

Me ya sa waya? Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, don haka dole ya riƙa gaigayar abu yana rage su. Ba yunwa ce ke sa shi cin wayar sensa ko tiyon ruwan waifa ba, abin da ya tarar a bakin makwancinsa ne. Kuma motocin yanzu ba irin Fijo 504 ta da ba ce da wayoyinta ba su taka kara sun karya ba. Corolla ko Accord ta wannan zamani, siririyar waya ɗaya da aka datse tsakanin sensa da ƙwaƙwalwar mota ta isa ta sa mai wayarin ya wuni yana lalube. Gaggawar kuma tana da dalili: cikin ɓera kusan mako uku ne kacal, tana zuba 'ya'ya biyar, shida ko fiye, su ma cikin wata biyu sun isa haihuwa.

Abin da ya kira shi

Bahaushe ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Motar mai iyali a Kano ba ta rabuwa da abinci. Yara sun ci biskit da cincin a hanyar makaranta, garin ya zube tsakanin kujeru. An sayi tsire a hanya, takardar da man ta jiƙa tana aljihun ƙofa. Dabinon buɗa-baki tun azumi yana cikin dashbod. An ɗauko buhun masara daga ƙauye ko daga Dawanau, buhun ya yoyo, tsabar ta gangara ramin safaya inda ba mai gani. Hancin ɓera yana jin wannan duka daga waje, ko gilashi a rufe yake.

Ka kwashe komai, ba na ci kaɗai ba. Kwalin tishu, tsumman goge gilashi, tsohuwar jarida, darduma, hular da aka manta, buhun da babu komai a ciki, duk kayan makwanci ne. Ka fitar da tabarmin ƙafa ka kakkaɓe. Ka tura kujerun gaba har ƙarshe, ka dawo da su har ƙarshe, ka share layin ƙarfen da suke gudu a kai, nan ne gyaɗa ke maƙalewa. Kujerar baya a yawancin ƙananan motoci tana ɗagowa idan ka ja ta sama daga gaba, ka ɗaga ka ga abin da shekaru suka tara. Idan akwai kujerar jariri, a cire ta a wanke daban. Amma ka lura, wannan shara ta busasshe sai a motar da ba ka ga kashin ɓera a cikinta ba. Idan ka gani, ka dakata, akwai yadda ake yi, zan zo kansa.

Bayan haka sai doka a gida: abin da aka ci a mota, ledarsa ta fita tare da mai ci. Buhun hatsi kuma kada ya kwana a but, ko da an iso cikin dare an gaji.

Inda take kwana

A cikin birni, inda lungu ba ya ɗaukar mota, mutane na barin ta a bakin titi, a filin makaranta, ko a wurin ajiya na kuɗi mai maigadi. A sababbin unguwanni kuma tana shiga get, amma ta kwana kusa da turken rago, ga buhun dusa a jingine, ga akurkin kaji ko ɗakin tattabaru. Duk biyun ɓera na samun abin da yake so. Ka tsaya inda kake ajiye motar ka duba taku goma ta kowane gefe. Akwai bola? Akwai lambatun da ya toshe? Tarin bulo, itacen girki, tsofaffin tayoyi, ciyawar da damina ta bari? Mai shayi ko mai awara na zubar da saura a wurin? Idan za ka iya matsar da motar ko da tsawon mota biyu ne zuwa fili mai haske, ka matsar. Ɓera ba ya son ratsa sarari, gefen bango yake bi, shi ya sa motar da aka manna da katanga ta fi wadda ke tsakar fili shiga haɗari.

A cikin gida, dusa da tsabar kaji su koma cikin duro mai murfi, na ƙarfe ya fi. Kwanon abincin dabbobi a ɗauke shi da magariba. Ramukan gindin katanga a cike su da siminti da fasassun kwalabe ko tsakuwa. Ƙasan ƙofar gareji idan akwai rata, mai walda zai ƙara mata falle.

Abin da ya shafi layi kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli, ku haɗa kai da maƙwabta a yashe lambatu, a kuma kwashe abin da aka yaso kafin ya koma. Idan a wurin kuɗi kake ajiyewa, ka yi wa maigadi magana da girmamawa: "Baba, don Allah a daina zubar da ragowar abinci ta bayan motocin nan." Shi ma yawanci ɓerayen sun dame shi.

Lokaci biyu ne suka fi tsanani. Cikin damina, musamman Agusta, ruwa na cika ramuka da magudanai, ɓeraye su nemi tudu busasshe. Cikin hunturu, Disamba zuwa Janairu, injin da aka kashe da isha'i yana riƙe ɗumi har tsakar dare.

Tarko

Tarkon da nake nufi shi ne na katako ko na ƙarfe mai sifirin, wanda ke bugawa nan take. Ana samunsa a Sabon Gari da Kurmi da wurin masu tura kaya a baro. Girmansa biyu, kuma kashin da ka gani shi zai gaya maka wanda za ka saya. Ƙaramin tarko ba ya kashe babban ɓera, sai dai ya ji masa ciwo ya koya masa wayo. Babban tarko kuma ƙaramin ɓera na iya cinye abincin ya tafi bai taɓa shi ba. Kada ka sayi ɗaya, ka sayi kamar shida. Daren farko da na biyu su ne ake kamu sosai, kafin sauran su farga.

Abincin tarko ya zama mai ƙamshi kuma mai mannewa: tunkuza, jiƙaƙƙen ƙuli-ƙuli, ɗan busasshen kifi da aka ɗaure da zare, ko daddawa. Ɗan kaɗan za ka sa, daidai ƙwayar wake, ka danna shi sosai yadda sai an ja kafin ya fita. Wanda ya ɗora guntun burodi a sama kawai sadaka ya yi.

Inda za a ɗana: ɗaya a bayan kowace tayar gaba ta ciki, ɗaya a but, ɗaya a wurin ƙafar mai zaman gaba a kan kwali, sauran a gindin bangon da ke kusa da motar. Na gindin bango a sa shi a gicciye, bakin abincin yana kallon bangon, domin mai bin gefen bango ya yi karo da shi ko daga ina ya fito. Kowane tarko a ɗaure shi da waya ko igiya a jikin wani abu, don wanda aka kama a wutsiya kan ja tarkon ya shige inda hannu ba ya kai. Idan za ka sa a ɗakin inji, sai injin ya huce, a wuri mai faɗi nesa da fanbel, kuma ka ɗaura tsumma a sitiyari don ka tuna ka cire kafin ka tayar.

Babban ɓera yana da tsoron baƙon abu. Idan kwana biyu sun wuce bai taɓa ba, kada ka ce tarkon banza ne. Ka sa abincin ba tare da ka ɗana ba har dare biyu ko uku, ya saba ci lafiya, sannan ka ɗana duka a dare ɗaya. A gidan da ke da yara ƙanana, kaji ko kyanwa, a kifa kwali a kan tarkon a huda masa ƙofa ta gefe biyu, a ɗora dutse. A duba kowace safiya. A ci gaba har a yi mako guda ba kamu, ba sabon kashi, toka kuma ba sawu.

Gam ɗin ɓera, wancan allo mai danƙo, ba na ba da shawararsa. Zafin cikin mota a Kano na narkar da danƙon ya ɓata kafet, ƙurar hunturu kuma na kashe kaifinsa cikin kwana kaɗan. Ɓeran da ya maƙale yana wuni yana fitsari da kashi yana fafutuka, kai kuma dole ka zo ka ɗauke shi da ransa. Addini ya halatta kashe ɓera saboda ɓarnarsa, amma ya kuma yi umarni da a kyautata kisa, kada a azabtar. Tarko mai bugu ɗaya ya fi kusa da wannan.

Kyanwa na taimakawa a tsakar gida, sai dai ita ma cikin sanyi takan shige ɗakin inji ta kwanta. Ka riƙa buga bonet da tafin hannu kafin ka tayar.

Guba da abubuwan wari

Matsalar guba a mota ita ce ba ka da iko da inda ɓeran zai mutu. Yawancin magungunan da ke tsinka jini sai bayan kwana uku zuwa mako suke kashewa, kuma mai jin jiki makwancinsa yake komawa. Idan makwancin yana cikin bututun esi ko bayan dashbod, a zafin watan Afrilu, kwana biyu sun isa motar ta gagari shiga, kuma sai an kwance rabin dashbod kafin a kai ga gawar. Wannan ƙaramin abu ne ma a kan ɗayan haɗarin. Shinkafar ɓera ta yi kama da abinci, yaro mai rarrafe ba ya bambancewa, kaza na tsattsaga, kyanwa na cin ɓeran da ya ci. Kada a sa ta cikin mota ko kaɗan. Idan ɓerayen gidan sun fi ƙarfin tarko, a nemo masu aikin feshi da suka san aikinsu, su sa maganin cikin akwati mai kulle, nesa da motar.

Fiya-fiya da Sniper kuwa maganin ƙwari ne masu ƙarfi, ba na ɓera ba. Wanda ya yayyafa su a cikin mota ya rufe gilashi, shi da 'ya'yansa ne za su shaƙa gobe, soson kujera na riƙe su. Kafur ma haka, a rufaffiyar mota mai zafi tururinsa na sa ciwon kai, kuma yana da illa ga jarirai.

Man na'a-na'a a auduga, garin barkono, da na'urar da ake cewa tana fitar da ƙarar da ɓera ba ya so, ba zan ce ba sa komai ba. Suna iya sa baƙon ɓera ya canza shawara na 'yan kwanaki. Amma ƙamshi na gushewa da wuri a zafinmu, ɓera na sabawa da ƙara, na'urar kuma tana shan batir a motar da ba a tayarwa. Uwar da ta riga ta haihu a cikin akwatin filta, babu warin da zai raba ta da 'ya'yanta. Abin da ya fi su amfani shi ne salatif mai yaji da kamfanin Honda ke yi don naɗe wayoyi, wanda aka haɗa da sinadarin da ke sa barkono zafi. Idan ka samu, a naɗe wuraren da aka taɓa ci, da safar hannu, kuma kada a taɓa ido.

Wanke abin da ya bari

Nan ne nake roƙon a natsu, domin maganar ta wuce ta waya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa yake kama mutum. Ya fi tashi da rani, kuma a farkon 2020 ya ɓulla a Kano har ya yi sanadin rasuwar likitoci. Ba kowane ɓera ke ɗauke da shi ba, amma ba ka da hanyar tantancewa daga kallon kashi. Mota kuma ɗaki ne ƙarami rufaffe, fankar esi na hura duk abin da ke cikin bututu kai tsaye zuwa fuskar mutum.

Saboda haka kada a share da tsintsiya, kada a hura da iskar mai faci, kada a zuƙe da injin shara tun yana busasshe. Ka fitar da motar sarari, ka buɗe ƙofofi huɗu da but na rabin awa, kai kana gefe. Ka sa safar hannu ta roba da takunkumi. Ka haɗa ruwan bilic, irin su Hypo ko Jik. Ka duba jikin robar: idan ƙarfinsa kashi 3.5 ne cikin ɗari, awo ɗaya na bilic a awo shida na ruwa. Idan ya kai kashi 5, awo ɗaya na bilic a awo tara na ruwa. Kada a gauraya shi da wani maganin wanki. Ka jiƙa kashin da makwancin sharkaf, ka bar shi minti biyar ko fiye, sannan ka kwashe da takarda ko tsumman da za ka yar, ka zuba a leda, ka ƙulle, ka sake sa ta a wata ledar. Mushen da tarko ya kama shi ma a jiƙa shi haka kafin a taɓa, a binne shi da zurfi ko a sa a leda biyu. Kada a jefa shi kan titi ko cikin lambatu kamar yadda aka saba, kuma kada a ba yaro wannan aiki.

Bilic na cin launin kujerar yadi da kafet, kuma ba a zuba shi kan wayoyi da soket. A kujera a yi amfani da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta da ba ya cin launi, a bi da ruwan sabulu, a shanya a rana. A ɗakin inji, a cire kan batir tukuna, a kwashe makwancin da hannu mai safa, a goge ƙarfe da roba da jiƙaƙƙen tsumma. Idan za a kai wurin wanki, ka tsaya a kansu, kada su harba ruwa mai ƙarfi kan akwatin fiyus, altaneta ko ƙwaƙwalwar mota. Wankin ba don kyan gani ba ne. Fitsarin ɓera alama ce da yake bar wa na bayansa, muddin zarnin na nan wani zai biyo sawu.

Wanda ya yi wannan aiki, sannan cikin mako uku ya kamu da zazzaɓin da maganin maleriya bai sauke ba, ya je asibiti, ya kuma faɗa wa likita cewa ya taɓa kashin ɓera.

Toshe ƙofofinsa

Ƙaramin ɓera na wucewa ta ramin da bai wuce milimita 6 ko 7 ba. Gwajin mai sauƙi ne: inda biro ya shiga, shi ma zai shiga. Ɗakin inji a buɗe yake ta ƙasa, ba mai iya rufe shi duka, amma cikin mota ana iya tsare shi, kuma ƙofofin sanannu ne.

Babbar ƙofa tana ƙarƙashin baƙar robar da ke gindin gilashin gaba, inda waifa ke kwanciya. Nan esi ke jan iskar waje, ramin ya gangara kan filtar esi, wadda a yawancin Toyota da Honda tana bayan aljihun dashbod. Na tsaya a garejin wani mai wayarin yana duba Camry da mai ita ya ce fanka na ƙara kamar an sa mata kati. Ya matse gefen aljihun ya sauke shi, ya zare murfin, ya jawo filtar a hankali. Samanta cike da yagaggen tishu, audugar kujera da ɓawon gyaɗa, an huda tsakiyarta, tarkacen ya zuba cikin fankar. Ya ɗago ta ya ce, "Alhaji, ai nan ne ɗakin amaryar. Tun yaushe rabon da a buɗe wurin nan?" Mai motar bai ma san akwai filta a wurin ba. Irin wannan filta ba a kakkaɓe ta a mayar, sabuwa ake sawa, a kwance fankar a wanke.

Maganin ramin shi ne ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, waɗanda ba su wuce milimita 6 ba. A Kofar Ruwa za ka samu wurin masu kayan gini. Ragar sauro ta roba ba ta aiki, dare ɗaya zai huda ta. A cire hannayen waifa, a ɗaga baƙar robar, a yanka ragar ta ɗan fi bakin ramin faɗi, a lanƙwasa gefunan a ɗaure da sukuru ko waya yadda ba za ta taɓa sandar waifa ba. Kada a toshe ƙananan hanyoyin da ruwan sama ke bi ya fita ta gefe, in ba haka ba damina za ta shigo maka kan kafet. Kafin ka samu yin wannan, ga dabarar kyauta: kullum kafin ka kashe mota, ka danna maɓallin da ke sa esi ya riƙa juya iskar ciki. A motoci da yawa wannan na rufe murfin ramin, ya zauna a rufe.

Ta biyu ita ce bakin bututun da ke kai iska akwatin filtar inji. Ka buɗe akwatin ka duba ƙarƙashin filtar, sukan tara tsaba a nan. Shi ma a sa masa raga a baki, a ɗaure ta sosai don kada inji ya zuƙe ta, a riƙa duba ta saboda ƙura.

Ta uku, robobin da ke toshe ramukan da wayoyi ke bi daga inji zuwa cikin mota. Duk motar da aka taɓa sa mata rediyo, na'urar tsaro ko ƙarin fitila, akwai yiwuwar an cire robar an zura waya ba a mayar ba. Ka sa mai wayarin ya haska daga ɗakin inji, kai ka leƙa ta ƙasan sitiyari, inda haske ya ɓullo ƙofa ce. Ta huɗu tana cikin but, ta gefe bayan bamba: wasu 'yan tagogi masu leɓen roba da ke fitar da iska idan an rufe ƙofa. A tsohuwar mota leɓen kan bushe ya faɗi. Kada a like su gaba ɗaya, suna da aiki, a sa musu raga. Sai kuma robobin ƙasan ramin safaya.

Soson ƙarfe na wanke tukunya yana toshe ƙaramin rami da kyau, ɓera ba ya iya cinsa, amma kada ya kusanci waya ko batir, yana ɗaukar wuta.

Wayar da aka riga aka ci, ka ce a haɗa ta da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, sannan a zura ta cikin bututun roba. Murɗawa da hannu a naɗe da baƙin salatif shi ne gyaran da ke dawo da kai gareji bayan wata biyu. Idan motarka mai haɗa fetur da lantarki ce, wayoyi masu ruwan lemo na babbar wuta ne, ba na taɓawa ba ne sai ga wanda ya koyi aikinsu.

Idan za ta daɗe a ajiye

Motar da ake hawa kullum ma ɓera na shiga, amma ba ya samun sukunin tarewa. Don haka ko mai ya yi tsada, a fita da ita sau ɗaya a mako, tafiyar minti ashirin zuwa talatin, a dawo a ajiye ta a ɗan wani wurin daban ko a juya fuskarta. Tayar da ita a tsaye na minti biyar ba ya cika batir, ɗumama wa ɓera ɗaki kawai yake yi.

Mai tafiya Hajji, Umara ko wani dogon bulaguro ya yi duk abin da aka lissafa mako guda kafin tafiya, ba daren tashi ba. Ya cire kan batir na negatif, domin wayar da aka feƙe idan ta taɓa ƙarfe tana iya tayar da gobara ba kowa a kusa. A toshe bakin salansa da soson ƙarfe, a rubuta a takarda a manna a sitiyari. Gilasai a rufe su ruf. Idan motar na cikin gida mai get ko gareji mai kulle, a bar bonet a ɗage, haske da iska na hana wurin daɗin zama. A waje kuwa ba a yin haka, ɓarayin batir sun fi ɓera sauri. Tamfol na kare fenti daga rana, amma yana ƙara duhu. In dole ne, a ɗaure shi kada ya ja ƙasa, a riƙa yaye shi duk mako. Wasu na kewaye motar da fallayen kwano masu santsi a tsaye, a haɗe ba rata, gindinsu a ƙasa daram. Ƙaramin ɓera na tsallen kusan santimita 30, babba ya ninka haka, don haka katangar ta kai ƙugu.

A bar makulli hannun mutum ɗaya mai amana, a gaya masa aikinsa dalla-dalla: duk Juma'a ya ɗaga bonet, ya duba tarkuna, ya sabunta abincinsu, ya leƙa but.

Ranar da ka dawo, kada murnar gida ta sa ka faɗa ciki ka murɗa makulli. Ka buɗe ƙofofi ta sha iska. Ka zare soson salansa, ka kwashe tarkuna. Ka haska saman inji da kewayen bututun hayaƙi, busasshen makwanci a wurin na kamawa da wuta idan ƙarfen ya yi zafi. Ka buɗe akwatin filtar inji, ka jawo ta esi. Ka leƙa ƙasan mota ko akwai ɗigon mai, ruwan lagireto ko man birki, ka taka birki ka ji ko ya yi tauri. Sannan ka mayar da kan batir, ka tayar, gilasai a sauke, esi a kashe. Idan ka ji warin fetur ko na ƙonewar roba, ko wata fitila ta ƙi mutuwa a dashbod, ka kashe ta nan take ka kira mai wayarin ya same ta a gida.